Baƙin Ruwan Malt: Daga Gonar Dawa Zuwa Teburin Taro

Da wuya a tashi taro a ma'aikatun Abuja ba a jera gwangwanayen malt ba. Idan aka tsiyaya shi a kofi, launinsa ruwan ƙasa ne mai duhu, da kumfa a sama. Ƙamshinsa na gasasshen hatsi ne. Zaƙi ke fara kama harshe, kamar na mazarƙwaila, sannan ɗan ɗaci ya biyo baya a maƙogwaro.

Wannan ɗanɗano yana da dangi a Turai. Baƙar giyar Beljiyam mai suna Rochefort 10, wadda gidan ibadar 'yan zuhudun Trappist ke dafawa, masu shanta na siffanta ta da ɗanɗanon busasshen inabi da ɓaure. Bambancin shi ne a can ana barin yis ya cinye sukari har ƙarfin maye ya kai kashi 11.3 cikin ɗari; a malt kuwa ba a ba shi wannan dama, shi ya sa zaƙi ya rinjaya. Masu ciwon sukari su lura.

Tushen duka biyun tsiro ne, wanda matan Ngojin da ke Potiskum suka sani a kunun zaƙi. An fara sayar da Maltina a 1976. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanoni suka koma ga dawar Arewa. Ashe sa hannu ɗaya na gwamnati kan sauya kasuwar manomi, har da ɗanɗanon abin da ke cikin kofi.