Maerdy: ƙauyen da kwal ya tara, kwal ya watsa

'Yan uwa ɗalibai, idan aka ambaci Birtaniya, Landan ce ke fara zuwa ran yawancinmu. Ni kuwa yau wani ƙauye zan kai ku a kudancin Wales, can ƙarshen wani kwari mai suna Rhondda Fach, inda hanya ke shirin hawa dutse. Sunansa Maerdy.

Kafin a fara haƙar kwal, wajen gidan gona ne da makiyayar tumaki, kuma daga sunan gidan gonar ƙauyen ya samo nasa. A 1875 aka soma haƙa rami. Kwal ɗin yankin irin wanda jiragen ruwa da na ƙasa ke so ne, mai zafi, marar hayaƙi da yawa, don haka ana lodinsa a jirgin ƙasa zuwa tashar ruwa ta Cardiff, daga nan ya bazu duniya. Sai mutane suka yi ta kwararowa, wasu daga ƙauyukan Wales, wasu daga Ingila. Ku duba lissafin Rhondda baki ɗaya: a 1851 mazauna ba su kai dubu ɗaya ba, a 1921 sun haura dubu 160. Haihuwa kaɗai ba ta yin wannan, aiki ne ya jawo su. Kuma da yake kwarin matsattse ne, sai aka riƙa jera gidaje manne da juna a gefen dutse, layi bisa layi.

Arzikin bai zo kyauta ba. Ranar 23 ga Disamba 1885 iskar gas ta fashe a cikin ramin, mutum 81 suka mutu. A ƙaramin gari irin wannan, da wuya a sami layin da ba a yi zaman makoki ba.

A ganina wannan zama na mutanen da aikinsu ɗaya, haɗarinsu ɗaya, shi ya sa ƙungiyar ƙwadago ta yi ƙarfi a can fiye da kima. Daga albashinsu suke yankar ɗan abu su gina zauren taro da ɗakin karatu. Bayan babban yajin aikin 1926 har laƙabi aka yi wa ƙauyen, wai “Ƙaramar Mosko”, saboda yawan masu ra'ayin kwaminisanci. Arthur Horner, wanda daga baya ya zama babban sakataren ƙungiyar mahaƙan Birtaniya, a nan ya yi suna.

To amma a daidai lokacin kasuwa ta fara juyawa. Jiragen ruwa sun koma amfani da mai, ciniki da ƙasashen waje ya ja baya, matasa suka kama hanyar Ingila neman aiki. Gwamnati ta karɓe mahaƙun kwal a 1947, ta zuba kuɗi ta sabunta na Maerdy, ƙauyen ya ɗan farfaɗo. A yajin aikin 1984 zuwa 1985, da aka yi da gwamnatin Margaret Thatcher kan rufe ramuka, mahaƙan Maerdy sun yi shekara guda ba albashi. Ba su yi nasara ba, amma da za su koma aiki a watan Maris, a jere suka tafi, 'yan badujala na gaba suna busa.

A Disamba 1990 aka rufe ramin, kuma shi ne na ƙarshe a duk faɗin Rhondda, inda a da ake da fiye da hamsin. Abin da ya fi ɗaukar hankalina, musamman mu masu karatun injiniya da tsara birane, shi ne wajen da aka kafa garin. Ba kasuwa ce ta zaɓe shi ba, ba mahaɗar hanya ba, abin da ke ƙarƙashin ƙasa ne kawai. Da aka daina haƙa, sai ga gari a lungun kwari, jirgin fasinja ya daina zuwa tun 1964, mai neman aiki sai ya fita wasu garuruwa kullum ko ya ƙaura gaba ɗaya. Ƙidayar 2011 ta sami mutum dubu uku da 'yan kai a Maerdy, Rhondda kuwa yanzu ba ta kai rabin jama'arta ta 1921 ba.