Wa'azi a Rayuwar Kirista: Daga Littafi Zuwa Kunnen Jama'a

A mafi yawan tarihin Kiristanci, talakan da ke zuwa coci bai taɓa riƙe Littafi Mai Tsarki a hannunsa ba. Kafin Gutenberg ya fito da injin buga littafi a wajajen 1450, da hannu ake kwafar kowane kwafi, tsadarsa kuwa sai coci ko attajiri. Duk abin da mutum ya sani na addininsa ta kunne ya shige shi. Shi ya sa mai wa'azi ya zama malami, mai tsawatarwa, wani lokaci kuma bakin da jama'a ke magana da shi a gaban masu mulki.

Tsarin wa'azi ya samo asali ne daga majami'ar Yahudawa. Linjilar Luka ta ba da labarin yadda Yesu ya shiga majami'ar Nazarat ranar Asabar, aka miƙa masa littafin Annabi Ishaya, ya karanta a tsaye, sannan ya zauna ya yi bayani. A wajajen shekara ta 150, wani malami mai suna Justin ya bayyana sujadar Lahadi a birnin Rum: a karanta rubutun manzanni ko na annabawa gwargwadon lokaci, shugaban taro ya gargaɗi jama'a su yi aiki da abin da suka ji, sannan a yi addu'a da Jibin Ubangiji. Har gobe a kan wannan turba ake.

A ƙarni na huɗu aka ga iyakar abin da mumbari zai iya. A shekarar 387 Sarki Theodosius ya ƙara haraji, mutanen Antakiya suka fusata, suka kayar da mutum-mutumin sarki da na iyalinsa, suka ja su a tituna. Da hankali ya dawo sai tsoro ya rufe garin, masu hali suka gudu. Bishop Flavian, duk da tsufansa, ya kama hanyar fada neman afuwa, ya bar wani limami mai suna Yohanna, wanda daga baya aka yi wa laƙabi da Chrysostom. Makonnin azumi cur Yohanna yana wa'azi, yana kwantar wa mutane hankali yana kuma faɗa musu laifinsu, har afuwa ta iso. Wannan baki dai shi ya jawo masa kora a 404, bayan ya zama bishop na Constantinople ya shiga sukar almubazzarancin fada. A gudun hijira ya rasu a 407.

A Arewacin Afirka kuwa akwai Augustine, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau. A zaune yake wa'azi, jama'a na tsaye, magatakarda na rubuta abin da yake faɗa, shi ya sa ɗaruruwan wa'azinsa suka kawo yau. A 418 ya je Kaisariya ta Mauritaniya, wato Cherchell ta yanzu, inda ake da wata al'ada: duk shekara gari ya rabu gida biyu, wa da ƙane, uba da ɗa, a yi kwanaki ana jifa da duwatsu har a rasa rayuka. Ya hau mumbari a kan haka. Da suka yi masa tafi bai ɗauka ya yi komai ba, sai da ya ga hawaye. Bayan shekara takwas ya rubuta cewa al'adar ba ta sake dawowa ba.

Matsalar da ta biyo baya ta harshe ce. Coci a Yammacin Turai ya riƙe Latin alhali jama'a sun daina jinsa, har taron bishop-bishop na Tours a 813 ya umarci a riƙa wa'azi da yaren da talaka ke ji. A 1216 Fafaroma ya amince da ƙungiyar Dominic, wadda aikinta ke nan, yawon wa'azi gari-gari. Sai dai harshe takobi ne mai kaifi biyu. Jawabin Fafaroma Urban na Biyu a Clermont a 1095 shi ya kunna yaƙin da aka sani da na 'yan Salibiyya. A 1511 kuma, wani ɗan ƙungiyar Dominic, Antonio de Montesinos, ya tsaya a Santo Domingo ya faɗa wa Sifaniyawa ido da ido cewa bautar da 'yan asalin wurin zunubi ne.

Gyaran da Martin Luther ya fara a 1517 ya mai da wa'azi zuciyar sujada a coci-cocin Furotesta. John Calvin a Geneva bin littafi yake aya bayan aya. Da aka kore shi a 1538 ya dawo a 1541, sai ya ɗora daga inda ya tsaya. A 1739 George Whitefield da John Wesley suka fita fili wurin masu haƙar kwal a kusa da Bristol a Ingila, mutanen da ba sa taka ƙofar coci. A Amurka, daga mumbarin cocin baƙar fata Martin Luther King ya jagoranci ƙaurace wa motocin haya a Montgomery a 1955, aka yi kwana 381 ana tafiya a ƙasa. Katolika ma, a babban taron Vatican na Biyu a 1963, sun jaddada cewa wa'azi ɓangare ne na ibadar kanta.

A nan gida, fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ba da gudummawa sosai a cikinsa, ta sa Hausa ta zama harshen mumbari a Filato, Kudancin Kaduna, Bauchi da Adamawa, inda ƙauye da ƙauye ke da yare daban. Masu bishara 'yan ƙasa su suka kai saƙon lungunan da Turawan mishan ba su taka ba. A coci-cocin birni yau, fasto kan faɗi jimla da Turanci, tafinta ya mayar da Hausa, ya ɗaga murya inda aka ɗaga, ya sassauta inda aka sassauta.

Yanzu rediyo, talabijin da wayar hannu sun ba kowa mumbari, mai horo da marar horo. Makarantu irin su TCNN da ke Bukuru, wadda ta fara karatu a 1959, suna koyar da fassara nassi bisa ƙa'ida, amma mai wa'azin intanet ba ya jiran shaidar kowa. A garuruwan da suka ɗanɗana rikici kamar Jos da Kaduna, abin da aka faɗa ranar Lahadi, kamar wanda aka faɗa ranar Juma'a, yakan bi mutane har kasuwa. Don haka tarbiyyar mai wa'azi ta shafi mabiyansa, ta kuma shafi maƙwabcin da bai taɓa shiga cocinsa ba.