Gure: Kafin a Sayo Na'ura, a Shirya Mata Ɗaki

Garin Gure yana gabas da Damagaram da kimanin kilomita 170, a bisa babbar hanyar da ta nufi Diffa. Shi ne cibiyar ƙasar Muniyo tun zamanin da. A can ne matafiyin nan Bajamushe, Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a watan Disamba na 1852, ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji. A ranar kasuwa ana jin Barbarci da Hausa da Fulatanci da Tubanci da Larabci. Tsofaffin da suka san tarihin sarautar Muniyo, da aikin kanwa, da noman dabino a cikin kwaruruka, suna ta raguwa. Wanda ya rasu ba a ɗauki maganarsa ba, ya tafi da ita ke nan.

Saboda haka ɗakin ɗaukar magana da hoto yana da amfani ga gari irin wannan. Amma sau da yawa idan aka samu kuɗin irin wannan aiki, sai a fara da sayen kaya masu tsada, a yi bikin buɗewa, bayan shekara biyu a tarar da su cikin kabad ƙura ta rufe su. Tarihin ƙasar Nijar ya nuna cewa tsari shi ne gaba da kaya.

Abin da aka koya tun farko

Gidan rediyon Nijar ya fara aiki a 1958. A 1962 aka kafa ƙungiyar Rediyo Kulob. Jama'ar gari sukan taru su saurari shiri a kan noma ko kiwo ko lafiya, sa'an nan su yi muhawara. Mai jagorancin taron, wanda galibi malamin makaranta ne, yakan ɗauki maganarsu da rakoda, ya aika da faifan zuwa Yamai, a tace, a watsa wa ƙasa. Kayan aikin ba su da yawa. Abin da ya riƙe aikin shi ne an san wanda ke riƙe da rakoda, an san ranar aike, an rubuta sunan gari a bisa kowane faifai.

A 1964 aka fara koyarwa ta talabijin a makarantu. Nan take matsalar wuta ta taso, domin ƙauyuka ba su da lantarki. A 1968 aka gwada kunna akwatin talabijin da hasken rana a wata makaranta kusa da Yamai, aka dace. Télé Sahel, wadda ta fara aiki a 1979, ta gaji ma'aikata da ƙwarewar wancan shiri. A 1999 kuma aka buɗe rediyon karkara na Bankilare, shi ma da hasken rana ya fara aiki.

Akwai kuma misalin marigayi Mustafa Alasan, mai shirya sinima, wanda ya fito da fim ɗinsa Aure a 1962, ya zauna a Tawa, ya rasu a 2015. Makaniki ne tun farko. Abin da ya lalace a hannunsa yakan gyara shi da kansa, abin da babu yakan ƙera shi.

Ƙura, zafi da wuta

Abokan gaban na'ura a Gure uku ne. Na farko ƙura. Tuddan rairayi sun kewaye garin, iskar hunturu kuma tana shigar da ƙura ta kowace kafa. Ita ce ke cinye kan rakoda, ta karce gilashin kamara, ta toshe fankar kwamfuta. Maganinta ƙofa biyu a jere, da tagogi masu rufuwa sosai, da daɓe na siminti wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. A cire takalmi a waje, a lulluɓe kowace na'ura bayan aiki.

Na biyu zafi. A watannin Afirilu da Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40. Ginin ƙasa mai kaurin bango ya fi rufin kwano, domin yana riƙe sanyi, yana kuma tare hayaniyar waje. Babban batir irin na dalma, idan zafin ɗakinsa ya ƙaru da digiri 10 bisa 25, kwanansa yakan ragu da kusan rabi. Sai a ajiye shi a inuwa, inda iska ke ratsawa.

Na uku wuta. Lantarkin da ke hawa da sauka yana ƙona na'ura cikin ƙiftawar ido. Kada a jona kome sai ta bayan na'urar daidaita wuta. Idan da hasken rana za a yi aiki, a lissafa abin da kowace na'ura ke ci kafin a sayi faranti da batir, a kuma sa yaro guda ya riƙa goge farantan.

Yadda ake raba wurin

Ana bukatar wuri uku, ko da ƙanana ne. Ɗakin ɗaukar magana ya kasance nesa da titi da injin niƙa. A rataye tabarmi da barguna a bango, a shimfiɗa darduma a ƙasa, don kada murya ta yi amsa-kuwwa. Ɗaki na biyu na tace aiki ne da gyara, da teburi mai faɗi da haske isasshe. Na uku ma'aji ne mai makulli. Kowace waya a naɗe ta, a liƙa mata suna, a rataye ta a ƙusarta. Kowane makirufo da akwatinsa da soson da ke tare masa iska.

Rajista da mai gyara

A nan ne waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci suke da babban aiki. Ana bukatar rajista biyu. Ta farko ta kaya ce: wa ya ɗauki kamara, yaushe, ina ya nufa, a wane hali ya maido ta. Ba a ba da aron kayan jama'a don biki ko suna sai da sa hannu. Ta biyu ta magana ce: sunan mai magana, garinsu, harshen da ya yi amfani da shi, ranar ɗauka, da yardarsa. Faifan da ba shi da suna, bayan shekara goma babu mai sanin muryar wane ne.

Yanzu an bar kaset, an koma ɗan kati da kwamfuta, amma su ma suna mutuwa ba sallama. Kowane aiki a yi masa kwafi uku, ɗaya a ajiye shi a wani gida dabam. Tsofaffin kaset ɗin da ke hannun mutane, a tattara su a juye tun ba su manne ba.

Daga Gure zuwa Yamai ya fi kilomita 1000. Na'urar da aka aika gyara can, sai a yi watanni ba a gan ta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun kafin kaya su iso, a tura matasa biyu, mace da namiji, su koyi aiki da gyara, a kuma zaɓi na'urorin da ake samun kayan gyaransu a Damagaram ko Kano. Hukumomin gari su ware kuɗin kula da kaya a cikin kasafin kowace shekara, kamar yadda ake ware na man mota.

Idan aka yi haka, manomin Kelle da makiyayin Tesker da mai dabinon Gidigir za su ji muryarsu da harshensu, jikokinsu ma su tarar da ita. Allah ya taimaki masu niyya.