Mota Mai Turbo Ta Daina Ja? Ga Abin Dubawa Kafin Ƙungiya Ta Kashe Kuɗi

A yankin Malam Madori, Hadejia da Auyo, ƙungiyoyi da dama sun haɗa kuɗi sun sayi a-kori-kura ko tarakta don kwaso shinkafa, alkama, tattasai da tumatir daga fadama. Yawancin motocin nan tsofaffi ne, wasu ma an riga an sauya musu inji da na Belgium. Kukan da direbobi suka fi yi shi ne: "Mota ba ta ja." Da an je gareji sai a ce turbo ne, a kawo kuɗin wani. Alhali sau da yawa turbon lafiyarsa ƙalau, ko kuma tun farko ba nasa aka ɗaura wa injin ba. Tumatir kuwa ba ya jiran gyaran mota.

Mene ne aikin turbo?

Injin gas yana samun ƙarfi ne daga mai da iska. Turbo fanka biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita zuwa salansa yana juya ta farko, ta biyun kuma tana cusa iska cikin inji. Sandar kan yi juyi sama da 100,000 a minti ɗaya, kuma baƙin man inji ne ke sanyaya ta yana hana ta ci. Saboda haka duk abin da ya tare iska, ya rage mai, ko ya toshe hayaƙi, zai sa mota ta yi sanyi kamar turbo ya mutu.

Fara da mai araha

1. Iya kilina. Hazon hunturu, yashin hanyoyin gona da ƙurar casar shinkafa suna toshe ta da wuri. Cire ta ka haska ta da fitila. In haske ba ya ratsawa, ko ta yage, a sauya. Kada a yi tafiya babu ita ko da kilomita ɗaya ne, yashi zai gwaguye fankar turbo.

2. Tiyon iska da kilif. Bi babban tiyo daga turbo har inji, ka matsa shi da hannu. 'Yar tsaga kaɗan ta isa iska ta zurare. Alamarta ita ce fito ko huci in an taka totur, da danshin mai a wurin tsagar.

3. Filtar mai. Man gas da aka saya a jarka kan zo da ruwa da datti. Mota za ta tashi lafiya, amma da an ɗora lodi sai ta riƙa shaƙewa.

4. Siririn tiyo na injekta. A injinan turbo masu tsohon famfo, akwai ɗan tiyo da ke zuwa saman famfon, shi ke sa a ƙara mai in iska ta ƙaru. In ya fice ko aka manta da shi wajen sauya inji, mota ba za ta ja ba, kuma ba za ka ga hayaƙi ba.

5. Burki da kuloci. Bayan an ratsa taɓon fadama burki kan riƙe. In kuma inji yana ihu mota ba ta gaba, kuloci ne ya cinye.

Hayaƙi ma yana magana. Baƙi: iska ta yi kaɗan ko nozul ya lalace. Shuɗi: inji yana ƙona baƙin mai, daga turbo ko daga ringi. Fari da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi: mai ba ya ƙonewa, ko ruwa yana shiga.

Sai a zo kan turbon kansa

A kashe inji ya huce, bakanike ya cire tiyon gaba ya taɓa fankar. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne. Amma in tana shiga tana fita, ko tana gogar bango, ko haƙoranta sun karye, to ya gama aiki. A kuma duba ɗan gwangwanin da ke jikinsa mai sanda. Aikinsa buɗe wa hayaƙi ƙofa in iska ta yi yawa. In ƙofar ta maƙale a buɗe, turbo ba zai taɓa cika iska ba, kuma sau tari wanki da gyaran sandar sun wadatar.

Yadda za ka gane wane turbo ne

A nan kuɗin ƙungiya suka fi salwanta. Turbo biyu kan yi kama a ido, amma cikinsu daban. Kada a saya da sunan mota, tunda injin da ke ciki wataƙila ba nata ba ne. Lamba biyu ake nema: ta jikin inji, da ta ɗan faranti ko zanen da ke jikin turbo. A goge da man gas, a ɗauki hoto da waya.

Kamfanonin da aka fi gani su ne Garrett, Holset, IHI da Mitsubishi. Na Toyota lambarsa kan fara da 17201, na Mitsubishi kuma irin su TD04 da TF035 kan fara da 49. Injin 5L na Toyota ba ya zuwa da turbo, amma 2L-T, 1KZ da 2KD suna zuwa da shi. Shi kuwa 4D56 na Mitsubishi L200 akwai mai turbo, akwai marar shi, don haka sai an lura.

Kada wani ya ruɗe ku da cewa babban turbo ya fi ƙarfi. Babba yana buƙatar hayaƙi mai yawa kafin ya juya, mu kuwa a ƙaramar giya muke aiki cikin yashi da lodi. Haka nan liƙa turbo a injin da ba a ƙera shi da shi ba yana jawo zafi, ƙonewar gasket, har narkewar fistin. In za a je Kofar Ruwa a Kano, a tafi da tsohon a hannu, a gwada lamba da lamba, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar da sharaɗin mayarwa.

Kafin a ɗaura, a gano abin da ya kashe na farko. A wanke bututun da ke kai masa baƙin mai, a yi juye, a sauya filta. In ba haka ba, sabon ma bin sahu zai yi.

Hatsarin da ya kamata kowane direba ya sani

In turbo yana zubar da mai da yawa cikin hanyar iska, inji kan fara shan baƙin mansa, ya yi ta ƙara gudu ko an zare makulli. A taka burki, a sa babbar giya, a saki kuloci don ya mutu, ko a toshe bakin iska da katako. Kada a sa hannu ko tsumma.

Rigakafi

Da safe a bar inji a sulo na minti ɗaya ko biyu kafin a taka. Bayan aiki mai nauyi a ba shi minti biyu zuwa uku kafin a kashe. Lokacin casa a riƙa duba iya kilina kullum. Sakataren ƙungiya kuma ya buɗe littafi, ya rubuta lambar inji, lambar turbo da ranar kowane juye, ko direba ya sauya bayani yana nan. Allah ya ba mu amfani mai albarka.