3.2 Takardun da Ake Buƙata Wajen Sayar da Gida a Kudancin Kano

A wannan sashe za a yi bayani a kan takardun da mai gida zai gabatar idan ya sa gidansa a kasuwa a ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa.

Tushen al'amarin shi ne Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Bisa ga wannan doka, gwamna yana ba da izinin mallaka a duk faɗin jiha, ƙaramar hukuma kuwa tana ba da izinin mallaka na gargajiya a wuraren da ba a ayyana su a matsayin birni ba. Don haka abu na farko da mai saye zai nema shi ne shaidar mallaka. Sai dai gidaje da yawa a wannan yanki na gado ne, ba su da satifiket.

Na biyu, takardar rabon gado daga kotun shari'ar Musulunci, idan gidan na gado ne. Ita ce ke nuna rabon kowane magaji. Idan ba a raba ba, a mazhabar Malikiyya abokin tarayya yana da haƙƙin shuf'a, wato ya biya kuɗin da aka saya ya karɓi kason.

Na uku, takardar ciniki. A cikinta ake rubuta sunayen mai sayarwa da mai saye da farashi da iyakokin gidan ta fuskoki huɗu. Shaidu su sa hannu ko su dangwala, sannan a kai wa mai unguwa da dagaci, wani lokaci har hakimi, su tabbatar.

Na huɗu, amincewar hukuma. Sashe na 21 ya wajabta amincewar ƙaramar hukuma ga mallakar gargajiya, sashe na 22 kuma amincewar gwamna. Sashe na 26 ya rushe duk cinikin da ya saɓa wa dokar. Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wajabcin amincewar gwamna a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989.

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa hatimin dagaci shaida ce ta ciniki, amma ba ya maye gurbin amincewar hukuma. Wanda ya tsaya a kansa kaɗai yana iya rasa gida, ya koma bin kuɗinsa a kotu.