Abin da Ke Kayar da Tsofaffin A-kori-kura a Gwajin Lafiyar Mota

A shekarar 1960 ne aka fara gwajin lafiyar mota a Ingila, wanda ake kira MOT. Da farko motocin da suka shekara 10 kawai ake dubawa, kuma birki da fitilu da sitiyari ne abin lura. A 1967 aka rage wa'adin zuwa shekara 3, daga nan kuma sai a riƙa kai mota gwaji duk shekara. Dokar ta haɗa da ƙananan motocin dakon kaya masu rufi, wato dangin a-kori-kura irin su Ford Transit, waɗanda nauyinsu haɗe da kaya bai wuce kilo 3,500 ba.

Mai karatu zai yi tsammanin inji ne ke kayar da tsohuwar mota a wannan gwaji. Ba kasafai ba. Fitilu suna cikin laifuffukan da aka fi samu: ƙwan fitila ya mutu, ko sigina ta ƙi yi, ko fitilar gaba ta karkace tana kashe wa mai tahowa ido. Sai kuma taya. Doka ta ce zurfin zanenta kada ya kasa milimita 1.6, domin ta wannan zane ne ruwan sama ke ficewa daga ƙarƙashinta. Idan ya suɗe, sai tayar ta hau bisa ruwa, sitiyari da birki su zama ba su da ta cewa. Duk waɗannan direba na iya gano su da kansa kafin ya bar gida.

Wanda ba ya ganuwa cikin sauƙi shi ne tsatsa, kuma ita ce babbar abokiyar gabar tsohuwar a-kori-kura. Tsatsa tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin. Ƙarfen yakan riƙa sakin ƙwayoyin lantarki, iskar tana karɓa, ruwa kuwa shi ne hanyar da ke haɗa su. A ƙasashen Turai ana watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara. To, ruwan gishiri ya fi ruwa zalla ɗaukar lantarki nesa ba kusa ba, saboda haka sai cin ƙarfen ya ƙara sauri. Bugu da ƙari, tsatsa ba ta manne wa ƙarfe ta kare shi. Ɓamɓarewa take yi ta buɗe sabon ƙarfe. Ƙasusuwan da ke ƙarƙashin mota kuwa yawancinsu kamar bututu suke, laka da danshi na maƙalewa a ciki. Shi ya sa suke ruɓewa daga ciki zuwa waje alhali fenti yana ƙyalli.

Ba kowace tsatsa ce ke kayar da mota ba. Mai gwaji yakan mai da hankali ga wuraren da ke tsakanin santimita 30 daga inda aka ɗaure sifirin, ko sitiyari, ko kayan birki, ko bel ɗin kujera. Yakan danna wurin da yatsa, ya ƙwanƙwasa da ɗan ƙaramin ƙarfe. In ya lotsa ko ya huje, mota ta faɗi. Ba a yarda a cike ramin da abin liƙi a shafe da fenti ba, sai dai a sa sabon ƙarfe a yi walda.

Birki ma ruwa ne ke yi masa illa. Man birkin da aka fi amfani da shi yana zuƙar danshi daga iska a hankali. Sabon mai irin DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230 a ma'aunin Selshiyas, amma idan ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen digiri 155. Mota mai kaya da ke gangara tudu tana iya kai shi nan, kuma da zarar ya tafasa ya zama tururi, sai direba ya taka birki ya ji wayam. Wannan danshi kuma yana sa kayan birki su yi tsatsa su cije. A wurin gwaji akan ɗora tayu bisa wasu ƙarafa masu juyawa don a auna ƙarfin kamun kowace. Idan bambancin hagu da dama ya wuce kashi 30 cikin 100, an faɗi, domin irin wannan mota fizgewa take yi gefe guda idan an taka birki da ƙarfi.

Tun daga watan Mayu na 2018 aka kasa laifuffuka gida uku: ƙarami, babba, da mai haɗari. Biyun ƙarshe ne ke kayar da mota. An kuma tsananta wa motocin dizal: wadda aka ƙera da matatar hayaƙi a salansa, in aka ga hayaƙi kowane iri yana fita, ko aka tarar an cire matatar, ba za ta wuce ba.

Batun ya shafi Nijeriya da Nijar kai tsaye, domin da yawa daga cikin bas-bas da a-kori-kurar da ke jigila a nan kwance ne daga Turai, sun riga sun sha gishirin can shekara da shekaru. Busasshiyar iskar arewa tana rage saurin tsatsa, amma ba ta mai da ƙarfen da ya riga ya tafi, ga lodi fiye da kima, ga ramukan hanya. Don haka mai sayen irin wannan mota, tun kafin ta kai gaban jami'an VIO, gara ya sa bakanike ya shiga ƙarƙashinta da tocila ya ƙwanƙwasa gindin sifirin, ya bi bututun birki da hannu daga gaba har baya.