Shin Ko Kun San? Tsiro, Tukunya da Ƙafar Tsoho

Shin ko kun san murucin nan da yara ke yawon talla da shi a faranti tsiro ne? Ƙwallon giginya ake binnewa, a ba shi watanni yana turo saiwa cikin ƙasa, sannan a tono a dafa. A yankin Gaya ta Jamhuriyar Nijar, inda giginya ta yi daji, sana'a ce da ke riƙe gidaje. Saboda haka duk wanda ya ce muku cin tsiro sabon yayi ne na Turawa masu gudun nama, ku tambaye shi ko ya taɓa ɓare muruci.

Shin ko kun san zaƙin kunun zaƙi na asali ba daga sukari yake ba? Ƙwayar hatsi rumbu ce a kulle, cike da sitaci. Da ta sha ruwa ta fara tsirowa sai ta saki wasu sinadarai masu farfasa sitacin nan ya koma sukari, don jaririn tsiro ya samu abin ci kafin ya yi ganye. Matan da ke niƙa tsiron shinkafa ko busasshen dankali su zuba a cikin kunu, su rufe ya kwana, aron wannan aiki suke yi. Da safe sai a tarar kunun ya tsinke ya yi zaƙi. A Sudan ma abin shan buɗa-baki da ake kira hilu-mur daga tsiron dawa ake fara shi, kuma 'yan'uwanmu Hausawan can sun san ƙamshinsa tun watan Sha'aban. Mutanen Iran na da samanu, wani abin zaƙi na tsiron alkama da ba a sa masa sukari ko ƙwaya ɗaya.

Wannan tsinkewar ita ce ta fi burge ni, don a nan amfanin tsoho yake. A Tanzaniya garin tsiron hatsi sunansa kimeya, kuma tun shekarun 1980 masana abinci a can da kuma a Baroda ta Indiya suka nuna cewa ɗan kaɗan daga cikinsa na narkar da kunu mai kauri cikin mintuna. Ku duba lissafin. Idan aka tsinka kunu da ruwa, an rage abincin da ke cikin kowane ludayi. Idan aka tsinka shi da garin tsiro, ludayin na nan da ƙarfinsa, ga shi kuma yana wucewa a maƙogwaro. An yi binciken ne domin yaran yaye, amma duk mai jinyar tsohuwar da ba ta iya shan fiye da rabin kofi ya san darajar wannan dabara. Sai dai mai ciwon suga ya yi hattara, kunun da ya narke haka yana saurin ɗaga sugan jini. Kuma a sake tafasa shi bayan ya tsinke.

Shin ko kun san busasshen wake kusan ba shi da bitamin C, amma bayan kwana biyu zuwa uku da jiƙawa ya samar da shi da kansa? A Yaƙin Duniya na Farko dubban sojojin Indiya da ke faɗa a ƙasar da yau ake kira Iraƙi sun kamu da ciwon nan na rashin ɗanyen abinci, wanda ke sa dasashi ya kumbura yana zubar jini, haƙora su yi girgiɗi, tsohon rauni ya buɗe. A 1917 wasu mata biyu masana a Cibiyar Lister da ke Landan, Harriette Chick da Margaret Hume, suka nuna cewa ƙwayar da ta tsiro tana kare wannan ciwo, busasshiya kuwa ba ta yi. Shawararsu mai sauƙi ce: a aika wa soja ƙwaya sukutum wadda ba a ɓarza ba, ya jiƙa abarsa a sansani. Lemu zai ruɓe a hanya, buhun wake ba ruwansa.

Akwai wani sinadari a cikin hatsi da wake da ke ƙanƙame sinadarin ƙarfe, ya hana hanji tsotse shi. Tsirowa na rage shi. Tana kuma rage nau'in sukarin da ke haddasa kumburin ciki bayan an ci wake, abin da ya raba tsofaffi da yawa da garau-garau.

To yaya ake yi? Ba ya buƙatar gona, ba taki, ba hasken rana. A samu kwalba mai faɗin baki, a wanke ta tas. A tsince ƙwayar, a zubar da fasassu da waɗanda ƙwaro ya huda, don a nan ne karin maganar wake ɗaya ke ɓata gari ta cika. A jiƙa awa 8 zuwa 12, wato daga isha zuwa hantsi. A tsiyaye ruwan, a ɗaure bakin kwalbar da ƙyalle mai shara-shara, a kifa ta a karkace a inuwa. Safe da yamma a zuba ruwan sha mai tsabta a ɗauraye a sake tsiyayewa. Da bazara sai sau uku, don zafi na saurin lalata shi. Kwando ko matankaɗi da aka lulluɓe da jiƙaƙƙen ƙyalle ma na yi. Cikin kwana 2 zuwa 4 an gama, lokacin sanyi ya fi jinkiri. Kada a cika kwalba, domin abin na ninka kansa sau da yawa. Wake, waken suya, adas, hulba, gero, alkama, duk suna tsirowa. Idan ya yi yauƙi ko hanci ya ji wari, ba a tsaya shawara, a zubar.

Shin ko kun san mutanen Koriya na da wata tukunyar ƙasa mai huji a gindi da suke tsirar da waken suya a cikinta, a ɗaki, su lulluɓe don kada haske ya shiga? Miyar wannan tsiro abincin yau da kullum ce a can. Ku lura da kalmar: miya. Dafa shi suke yi.

Yanzu ga inda mai talla ba ya son a je.

Irin shuka ba na ci ba ne. Duk ƙwayar da kuka gani an rina ta ja ko kore a leda, magani aka shafa mata. Waken kasuwa ma sai an san hannun da ya adana shi, domin a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Wanda aka ajiye a buhun nan mai leda biyu a ciki, ko a jarka mai toshe iska, shi ne abin nema.

Shin ko kun san ɗanyen tsiron dawa guba ne? Makiyayi ya riga likita sanin wannan, shi ya sa yake korar dabbobinsa daga gyauron dawa. Ƙaramin tsiron na ɗauke da sinadarin da ke sakin sayanayid, dangin gubar da ke cikin rogo mai ɗaci. Masu sarrafa shi sukan shanya, su murje saiwar da kan tsiron su sheƙe, sannan a dafa. Ba abin da za a yi kwaɗo da shi ba ne. Tsiron da ke fitowa a idon dankalin Turawa shi ma guba ne, haka koren da ke fatarsa. Jan waken nan na ƙasar waje kuwa ko ya tsiro sai ya tafasa sosai, aƙalla minti 10.

Shin ko kun san hulba ta taɓa tayar da hankalin Turai gaba ɗaya? A watan Mayun 2011 wata mummunar gudawa mai jini ta ɓarke a arewacin Jamus. Kusan mutum 4,000 suka kwanta, fiye da 50 suka mutu, ɗaruruwa ƙodarsu ta tsaya. Da farko aka ɗora laifin a kan kokwambar Sifen, manoman can suka yi ta zubar da kaya suna asarar da ba su ji ba ba su gani ba. Daga baya aka bi sawu har wata gonar tsiro a jihar Lower Saxony, kuma hukumomin Turai suka danganta cutar da irin hulba da aka shigo da shi daga Masar. Kafin wannan, a 1996, dubban 'yan firamare a garin Sakai na Japan sun kwanta bayan cin abincin makaranta, kuma tsiron radish aka fi zargi. Dalilin ɗaya ne a ko'ina: ɗumi da laimar da ƙwaya ke so don ta tsiro, su ne ƙwayoyin cuta ke so don su hayayyafa. Idan cutar na maƙale a jikin irin tun daga gona, ɗauraya ba ta fitar da ita, ko da a gida aka tsirar. Shi ya sa hukumar abinci da magunguna ta Amurka ke cewa tsofaffi da yara da masu juna biyu da masu raunin garkuwar jiki su guji ɗanyen tsiro. Ni a nawa ganin, a ƙasa mai zafi irin tamu, ga wutar lantarki da ba ta da alƙawari, kowa ma ya dafa. A soya da albasa da attarugu, a jefa a miyar taushe ko a fate, har ya dahu. Za a yi asarar wani ɓangare na bitamin C, na yarda, amma lemun tsami ko gwaiba ɗaya sun biya wannan bashi.

Shin ko kun san a 1997 masana a Jami'ar Johns Hopkins, ƙarƙashin Paul Talalay, sun gano cewa tsiron burokoli ɗan kwana uku ya ninka babban burokoli sau 10 zuwa 100 a wani sinadari da ake nazarinsa kan kariyar ƙwayoyin jiki? Daga nan kasuwa ta buɗe, aka yi ta kururuwar maganin daji, alhali binciken bai ce haka ba. Abin da ya ba ni dariya shi ne ɗaya daga cikinsu, Jed Fahey, ya shafe shekaru bayan nan yana nazarin wata bishiya mai irin dangin waɗannan sinadarai. Zogale. Na bayan ɗakin Inna.

Tsiro dai ba ya maye gurbin komai. Na koren wake kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne, sinadarin gina jikinsa bai fi giram 3 a cikin giram 100 ba. Tsoho kuwa ya fi matashi buƙatar wannan sinadari: masana kula da tsofaffi na ba da shawarar giram 1 zuwa 1.2 kan kowane kilo na nauyin jiki a kullum, sai fa mai ciwon ƙoda, wanda likitansa ne zai auna masa. Dattijo mai kilo 60 na neman giram 60 zuwa 72 ke nan, ƙwai ɗaya kuma giram 6 ne kacal. Ku auna wannan da koko da safe, tuwo da dare. Alala, ƙosai, awara, nono, kifi, ƙuliƙuli a daka, su ne masu cike giɓin. Bitamin B12 kuma, wanda cikin tsoho ke ƙara kasa tsotsewa, a nama da kifi da ƙwai da madara yake.

Shin ko kun san tsokar mutum na fara raguwa tun daga wajen shekara 30, da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a duk shekara goma, kuma bayan 60 abin ya ƙara gudu? Sai ga abin mamaki a 1990. Wata likita, Maria Fiatarone, ta ɗauki tsofaffi goma a wani gidan kula da tsofaffi a Boston, 'yan shekara 86 zuwa 96, ta sa su ɗaga nauyi da ƙafa na mako takwas. Tara suka kai ƙarshe, kuma ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici. A gidajenmu fa? Da Baba ya miƙe zai ɗauko buta sai a ce, “Baba zauna, a kawo maka.” Ladabi ne, babu musu. Amma ƙafar da aka hutar da yawa ita ke fara yin murabus. Ku bar shi ya taka zuwa masallaci, ku bar Hajiya ta tsince shinkafarta ta zagaya awakinta. Hukumar Lafiya ta Duniya na so wanda ya kai 65 ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako, da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku don gudun faɗuwa. Tashi daga kujera a zauna sau goma ba tare da dafa hannu ba, atisaye ne.

Ƙishirwa na dusashewa da shekaru, don haka tsoho na iya bushewa bai ji ba. A ajiye masa ruwa kusa, musamman da bazara. Gishiri kuma hukumar ta ce ƙasa da giram 5 a yini, bai cika cokalin shayi ba, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Daddawa na nan a madadinsa.

Shin ko kun san Fauja Singh, manomi ɗan Punjab da ya koma Landan, ya yi tseren kilomita 42 na farko yana da shekara 89? A 2011 ya kammala na Toronto cikin awa takwas da 'yan mintuna, yana da 100 bisa fasfonsa, amma kundin Guinness ya ƙi sa shi saboda ba shi da takardar haihuwa. Mota ce ta kaɗe shi a ƙauyensu a watan Yulin 2025, yana tafiya da ƙafarsa. Maganar takarda kuwa ba wasa ba ce: a 2010 Japan ta binciki rajistarta ta tarar da sunaye sama da 230,000 na 'yan shekara ɗari da ba a san inda suke ba. Ku riƙa tuna wannan duk lokacin da aka ce muku mutanen wani tsibiri ba sa mutuwa saboda wani ganye.

Shin ko kun san ƙwallon dabino mai kimanin shekara 2,000 ya tsiro? An tono shi a kangon Masada, kusa da Bahrul Mayyit, a shekarun 1960, ya yi ta zama a ajiye har 2005, lokacin da wata masaniyar tsirrai, Elaine Solowey, ta jiƙa shi a ruwan ɗumi ta shuka. Ya fito, aka sa masa suna Metusela, sai ya zama namiji. Aka jira har wani tsohon ƙwallon ya ba da mace, aka yi mata barbara da furensa. A 2020 aka sauke dabinonta, aka ci.